Yaƙin Taron Dangi: Wa Ke Da Ta Cewa Idan Wuta Ta Yi Wuta?

 

Yau zan ɗan ja mu baya zuwa yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, wanda wasunsu suka je har Bama suka yi shi. Ba labarin bindiga da igwa na zo da shi ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda shugabannin ƙasashen ƙawance da janarorinsu suka riƙa magana da juna. Ni a fahimtata, ƙawance ba ya cin yaƙi don kawai ana ga-maciji da abokin gaba ɗaya. Yana ci ne idan an san inda ake kai saɓani, kuma an san wanda ke da magana ta ƙarshe a fagen fama.

Bari mu fara da inda abin ya lalace. A watan Mayu na 1940 Jamus ta auka wa Faransa da Beljiyam. Sojojin Faransa da na Ingila da na Beljiyam idan aka haɗa su, ba su gaza na Jamus yawa ba, tankokinsu ma haka. Amma babban kwamandan Faransa, Janar Gamelin, yana zaune a hedikwatarsa da ke Vincennes kusa da Faris, babu ko na'urar rediyo a wurin. Sai wayar tarho da 'yan aike a kan babur. Kafin umarni ya isa, wurin da ake maganarsa ya riga ya faɗa hannun Jamusawa.

Ranar 16 ga Mayu Churchill, wanda bai cika mako guda da zama Firaministan Ingila ba, ya tashi zuwa Faris. Ya tambayi Gamelin ina rundunar da aka ajiye ta ko-ta-kwana, aka ce masa babu. Ku duba fa, abokin ƙawance ne, sojojinsa na cikin wutar, amma sai a ranar ya san haka. Ranar 21 ga wata aka kira taro a garin Ypres don a daidaita dabara. Kwamandan Ingila, Lord Gort, bai iso ba sai bayan sabon kwamandan Faransa, Weygand, ya tafi. Janar Billotte, wanda aka ɗora wa haɗa kan rundunonin uku, ya yi haɗarin mota a hanyarsa ta komawa, bayan kwana biyu ya mutu. Aka shafe kwanaki babu mai riƙe da linzami. Ranar 28 ga Mayu Beljiyam ta miƙa wuya. Daga nan sai kowa tasa ta fisshe shi, aka kwashe sojoji kimanin 338,000 ta gaɓar Dunkirk zuwa Ingila, aka bar manyan makamai a baya.

To, Turawan nan sun ɗauki darasi. Da Amurka ta shigo yaƙin a Disambar 1941, Churchill ya tafi Washington wajen Shugaba Roosevelt. A wannan zama aka kafa majalisar haɗin gwiwa ta manyan hafsoshin ƙasashen biyu, mai mazauni a Washington. Shugaban sojojin ƙasa na Amurka, Janar Marshall, ya dage cewa a kowane fagen yaƙi dole a sami kwamanda ɗaya tak da zai riƙe sojan ƙasa da na ruwa da na sama, ko daga wace ƙasa suka fito. Wato dai ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ingila kuma ta bar babban hafsanta John Dill a Washington, ya zama gada tsakaninsa da Marshall. Rigingimu da yawa a teburin mutanen nan biyu suka mutu tun kafin su kai kunnen shugabanni. Da Dill ya rasu a 1944, a maƙabartar sojojin Amurka ta Arlington aka binne shi.

Su kansu shugabannin ba su bar layinsu ya yi sanyi ba. Roosevelt ya fara rubuta wa Churchill tun Satumbar 1939, lokacin Churchill yana ministan sojan ruwa. Kafin rasuwar Roosevelt a Afrilun 1945 sun yi musayar saƙonni fiye da 1,700. Suna kuma magana ta tarho, sai dai a nan akwai matsala, domin Jamusawa na da tashar saurare a Holan, suna warware muryar da aka hargitsa. A ƙarshen Yulin 1943 sun saurari hirar mutanen biyu a kan halin da Italiya ke ciki. A wannan shekarar ce aka fara aiki da sabuwar na'urar sirri mai suna SIGSALY. Nauyinta ya kai tan 50, sai a ƙarƙashin kantin Selfridges na Landan aka samar mata wuri, aka ja waya zuwa wani ɗan ɗaki a maɓoyar Churchill, wanda ma'aikata da yawa suka ɗauka banɗakinsa ne.

Kada wani ya zaci zaman lafiya suke yi kullum. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amurkawa na son a tsallaka kai tsaye zuwa Faransa, Churchill na son a bi ta tekun Bahar Rum. Stalin na Tarayyar Sobiyat, wanda mutanensa ke mutuwa da miliyoyi, yana ganin ana ja masa rai ne kawai. A taron Tehran, ƙarshen Nuwambar 1943, su ukun suka zauna a karon farko. Stalin ya yi tambaya guda: wa zai jagoranci tsallakawar? Aka ce ba a tsayar ba tukuna. Ya nuna musu cewa aikin da ba shi da mai shi ba zai yiwu ba. Cikin 'yan kwanaki Roosevelt ya zaɓi Janar Eisenhower.

Ga wurin da nake so ku saurara da kyau. Eisenhower ya nemi a sa manyan jiragen sama masu ruwan bama-bamai a ƙarƙashinsa, don ya ragargaza layukan dogo na Faransa kafin a sauka. Hafsoshin sojan sama suka turje, har ya yi barazanar ajiye aiki, sannan aka ba shi. Churchill kuma ya ji tsoron yawan fararen hular Faransa da za su mutu, kuma tsoronsa na kan hanya. Me ya yi? Bai aika wa matuƙa jiragen Ingila umarni ta bayan fage ba. Ya rubuta wa Roosevelt a watan Mayun 1944. Roosevelt ya amsa cewa ba zai ɗaure hannun kwamandojin da ke da alhakin aikin daga nesa ba. Churchill ya haƙura, aiki ya ci gaba.

Haka kuma da yanayi ya ɓaci, Eisenhower da kansa ya ɗage harin daga 5 zuwa 6 ga Yuni, ya kuma ba da umarnin a tafi. Sojoji kimanin 156,000 suka sauka a Normandy a ranar farko. A ɓangaren Jamus fa? Rundunonin tankokin da aka ajiye ba sa motsi sai da izinin Hitila. Kwamandansa na yamma, Rundstedt, ya nema tun da asuba, Hitila na barci, izini bai fito ba sai da la'asar ta kawo jiki. Bayan kamar mako biyu da rabi Stalin ya cika alkawarin Tehran, ya buɗe gagarumin hari daga gabas. Jamus ta rasa inda za ta sa kanta.

Su abokan Hitila ƙawancen baki kawai suka yi. Mussolini ya auka wa Girka a Oktobar 1940 ba tare da ya shawarci Hitila ba. Japan ta kai hari Pearl Harbor, Jamus ba ta san rana ko wuri ba. Har yaƙin ya ƙare ba su taɓa kafa majalisar hafsoshi guda ba.

Wani zai ce to ashe a sakar wa soja komai ke nan. A'a. A ƙarshen Maris na 1945 Eisenhower ya aika wa Stalin saƙo kai tsaye, wanda ya nuna ba Berlin ya dosa ba. Ran Churchill ya ɓaci, domin a ganinsa wanda zai fara shiga Berlin magana ce ta siyasa, ba ta janar ba. Amurka ta goyi bayan janar ɗinta, Sobiyat ta kama birnin, kuma har gobe masana na gardama a kai. Iyakar da ke tsakanin aikin shugaba da na kwamanda ba a shata ta sau ɗaya a huta, kullum sai an sake zama.

Jama'a, wannan magana ba ta yi mana nisa ba, domin mu ma muna da yaƙin taron dangi a ƙofar gida. A yankin Tafkin Chadi akwai rundunar haɗin gwiwa da aka farfaɗo da ita a 2015, hedikwatarta a Ndjamena, da sojojin Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta. Ɗan ta'adda bai san kan iyaka ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin Diffa da na Damasak su ke biyan kuɗin duk wani shiru da ya shiga tsakanin Abuja da Yamai.

Don haka idan muka ji an ce shugabanni sun yi taro a kan tsaro, kada mu tsaya a hoton musabaha. Mu tambaya: wa aka ba linzami? Idan an saɓa, ina ake kai ƙara? Kwamandan wannan ɓangare zai iya kiran na wancan cikin dare ya same shi? Amsar waɗannan ita ke nuna ko ƙawance ne ko taron shan shayi.

Allah ya ba ƙasashenmu zaman lafiya.