Kaluluwa: Wacce Ce Ta Tsoro, Wacce Ce Ta Banza?

 Yau hirarmu a kan kaluluwa take, ƙullutun nan da kan fito a wuya, hammata ko matsematsi.

Galibi ba abin tashin hankali ba ce. Ciwon haƙori, miki a ƙafa ko ciwon maƙogwaro kan tayar da ita, in ciwon ya warke ta sace. Amma wata tibi ce, wata kuma sankara. Akwai ma sankarar yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

To yaya likita zai bambance? Kun san na'urar duban mai ciki, ekogarafi a nan Kamaru, sikanin a Najeriya. A sabuwar dabarar, sai a yi allurar wani ruwa ta jijiya, mai ɗauke da ƙananan kumfa masu bin jini. Likita na kallon yadda jinin ke shiga kaluluwar. Ta ciwo ce kawai? Jinin kan shiga ta tsakiya ya bazu bai-ɗaya. In sankara ce ta yaɗo daga wani wuri, yakan faro daga gefe, ya bar wasu gurabe babu jini. Kumfar tana fita ta numfashi cikin 'yan mintoci, ba ta wahalar da ƙoda.

Sai dai fa a ji da kyau: tibi kan yi kama da sankara a hoton, wata sankarar kuma ta yi kama da lafiyayyar kaluluwa. Shi ya sa hukuncin ƙarshe sai an ɗebi ɗan nama an auna. Kuma ba kowane asibiti ke da ruwan ba, amma duban da aka saba ma yana nuna siffa da girma.

Don haka malam, hajiya, in kaluluwa ta wuce mako 3 ko 4, ta yi tauri, ba ta zafi, tana girma, ga rama da gumin dare, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya. A nufi babban asibitin Garwa ko mafi kusa. Tibi na warkewa da maganin wata 6, sankara kuma tun tana ƙarama ake cin ƙarfinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai wani makon.