Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Masu Gyaran Mutum-mutumin Masana'antu

 

Mai girma shugaban wannan cibiya, malamai, iyayenmu maza da mata, manyan baƙi, da ku 'ya'yanmu da muka taru dominku, ina yi muku barka da zuwa.

Tun 1961, da aka kafa Unimate a masana'antar General Motors a Amurka, mutum-mutumi yake aiki a masana'antu, kuma tun lokacin yake lalacewa. Duk mai masana'antar da ya sayo inji daga Jamus ko Japan ya san zafin jiran gwani daga waje: aiki ya tsaya, ma'aikata na zaune, kuɗin jirgi da na otal na hawa.

Fasahar da kuka koya ta rage wannan jira. Ka sa tabarau na musamman, ka dubi hannun mutum-mutumin, sai zanen cikinsa ya hau kansa daidai wa daida. Ga gaɓar da ta cije cikin gaɓoɓinsa shida, ga notin da za a fara kwancewa, ga inda waya ta bi. Gwanin da ke wata ƙasa yana ganin abin da kake gani, yana yi maka alama a kan ƙarfen. Injiniyoyin Boeing sun gwada dabarar tun farkon shekarun 1990, wajen harhaɗa wayoyin jirgin sama.

Sai dai 'ya'yana, ku saurare ni a nan. Tabarau zanen kamfani yake nuna muku. In wani ya taɓa sauya wa injin wani abu bai rubuta ba, hoton zai ɓatar da ku. Kuma tabarau ba ya kashe wuta. A 1981, a masana'antar Kawasaki da ke Japan, wani ma'aikaci ya shiga duba mutum-mutumin da ya sami matsala, injin ya danne shi har lahira. Ku kashe wuta, ku sa kwaɗo a makunni, makullin ya kwana a aljihunku. Ku sace iskar da ta rage a bututu. Ku tokare hannun kafin ku saki birkinsa, domin in ya saki, ƙasa zai yo da duk nauyinsa.

Iyaye, Allah ya saka muku da alheri. Ku kuma Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya tsare ku a bakin aiki.

Ranka ya daɗe shugaba, a fara kiran sunaye.