Maganin olsa da maganin ƙashi: kada a haɗa su da ka

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, malamanmu, iyayenmu mata da matasan Sintali, sannunku da fitowa cikin wannan zafi.

Maganar yau a kan magungunan da muka raina ce, waɗanda ake aiken yaro kemis ya sayo: farin ruwan nan na olsa, ƙwayoyin taunawa na ƙwannafi, da ƙwayar kalsiyam da iyayenmu ke kira maganin ƙashi. Kowannensu yana da amfani. Matsalar ita ce haɗa su da yawan shan su. Wasu magungunan ƙwannafi da kalsiyam ɗin aka yi su, don haka Hajiya da ke shan maganin ƙashi da safe, ta tauna na ƙwannafi bayan kowane tuwo, abu ɗaya take ta ninkawa ba ta sani ba. In ta ƙara da jiƙon kanwa, lamarin ya ƙara muni.

Ƙoda ce ke ɗaukar wannan kaya. Likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1915 wani likita a Amurka, Bertram Sippy, ya fito da tsarin ɗura wa masu gyambon ciki madara da garin kashe tsamin ciki kusan kowace awa. Zafin ciki ya lafa, amma ƙodar wasu ta lalace. Babban mutum yana buƙatar kusan miligiram 1,000 na kalsiyam a rana, har da wanda ke cikin nono da kifi da zogale. Wanda ya haura shekara 50 kada ya wuce 2,000.

In kalsiyam ya yi yawa a jini, sai ƙishirwa da yawan fitsari, tashin zuciya, taurin bayan gida, kasala, wani lokaci tsoho ya fara ruɗewa a ce tsufa ne ko iska. A zafin Maris da Afrilu, da jiki ke bushewa, abin ya fi saurin kama mutum. Ƙarshenta tsakuwar ƙoda, ko a kai ga wankin ƙoda, kuma kun san kuɗinsa.

Masu juna biyu, ku ci gaba da shan kalsiyam ɗin da aka ba ku a wurin awo, yana rage haɗarin jijjiga. Kada dai ku ƙara da na kemis, kuma ku raba lokacinsa da na maganin ƙarin jini da awa 2.

Shi olsa, galibi wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ko yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Farin ruwa lallashi kawai yake yi. Wanda ya yi mako 2 yana sha bai daina jin zafi ba, ya je a duba shi. Wanda ya ga baƙin bayan gida ko aman jini, ya nufi asibitin FMC ko Asibitin Ƙwararru a ranar. Ku zuba duk magungunan da kuke sha a leda ku tafi da su, ku kuma faɗa wa likita maganar kanwar.