Abincin Mai Juna Biyu Idan Sukari Ya Hau

Jawabi ga matan aure da magidanta na Azare da sauran ƙasar Katagum

Akwai wani irin ciwon sukari wanda ba ya bayyana sai mace ta ɗauki ciki. Dalilinsa kuwa, mabiya tana fitar da waɗansu sinadarai masu rage ƙarfin insulin, watau abin da ke kwashe sukari daga jini. Galibi mai cikin ba ta jin ciwon kome. Don haka ne ake auna jini tsakanin mako na 24 da na 28. Za ta je asibiti da safe ba ta karya kumallo ba, a ɗebi jini, ta sha ruwa mai giram 75 na sukari, a sāke ɗiba. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013, in awon farko ya kai 5.1, ciwon ya tabbata.

Sukarin da ya yi wa uwa yawa yana tsallakawa zuwa ga ɗan tayi, ya yi ta ƙiba har ya wuce kilo 4. Tsofaffi kan yi murna da ƙaton jariri, amma ungozoma ta san wahalar da ke ciki: doguwar naƙuda, kafaɗa ta maƙale, wani lokaci sai an yi aiki.

Maganin farko yana kasuwar Azare. Ba a ce a daina cin tuwo ba, kuma lalle kada mai ciki ta zauna da yunwa. A rage malmala, a ƙara miya. Tuwon dawa ko na gero, gwargwadon dunƙulen hannunta, da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, ya fi mata farar shinkafa da burodi. Wake, kwaɗon zogale, gyaɗa, kifi da dafaffen ƙwai suna ƙosarwa ba tare da sun ta da sukari da sauri ba. A raba abincin yini gida uku ƙanana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, sa'an nan ta ɗan taka bayan ci.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen abin sha. Fura da nono abinci ne mai kyau, sukarin da ake zambaɗawa ne ɓarna. Ta dama kaɗan, nono ya fi yawa. Kunun zaƙi, zoɓo mai sukari, lemon kwalba da rake, a jingine su. Zuma ma sukari ce, ko da yake mutane da yawa ba su yarda ba.

Nan ne maigida ya shigo, domin cefane a hannunsa yake, kuma shi ke zuwa da tsarabar dare.

In abinci bai sauko da awo ba, likita zai ba da ƙwaya ko allurar insulin. Bayan haihuwa ciwon yakan tafi, amma a koma awo tsakanin mako 6 da 12, domin yana iya dawowa daga baya ya zauna.