Shawarar jariri da fashewar jini: cutar gado mai suna G6PD

Jawabin da wani malamin lafiya ya yi ma ɗaliban yaƙi da jahilci

 

Yau zancen jini za mu yi. Akwai wata cuta da ake gado. Sunanta gajere ne, haruffa 3 da lamba 1: G6PD. Kowa ya rubuta shi cikin littafinshi.

Cikin jinin mutum akwai ƴan ƙwayoyi jajaye. Ido ba ya ganin su. Su ke ɗaukar iskar da muke shaƙa, su kai ta ko'ina cikin jiki. Kowace ƙwaya tana yin wajen kwana 120, sannan wata sabuwa ta maye gurbinta.

Kun san yadda muke zuba toka cikin wake don kada ƙwari su ɓata shi. To, Allah ya sa wani sinadari cikin ƙwayar jini mai tsaron ta kamar haka. Shi ne G6PD. Wasu mutane an haife su da kaɗan. Suna nan lafiya lau, suna noma, suna kiwo. Amma ran da wani magani ko wani abinci mai ƙarfi ya shiga jikinsu, sai ƙwayoyin su farfashe da yawa. Jini ya ragu.

Likitoci sun gano wanga abu a shekarar 1956, a birnin Shikago na Amurka. Mutum wajen miliyan 400 ke da shi a duniya. A wurare da yawa na Afirka, cikin maza 10 ana samun 1 ko fiye. Ya fi yawa inda masassarar cizon sauro ta yi yawa, don yana ɗan kare mutum daga tsananinta. Amma mai shi ma yana kamuwa, sai ya kwana cikin gidan sauro kamar kowa.

Wannan ba amosanin jini ba ne. Ba a ɗaukar shi ga wani. Ba maita ba ce, ba iska ba ce.

Yaya ake gadon shi? Ɗa namiji daga wajen uwa yake samu. In uwa na ɗauke da shi, wani ɗan zai gada, wani ba zai gada ba. Uba mai shi ba ya ba ɗanshi namiji, amma yana ba ɗiyanshi mata duka. Shi ya sa ya fi nuna kanshi ga maza. Maigida, kada ka ga laifin matarka. Ita ma gada ta yi, daga ubanta ko uwarta.

Ga abubuwan da ke tada cutar.

Na 1, kafur, farin nan mai ƙarfin wari da ake sa ma tufafi cikin akwati. Kada a sa shi cikin kayan jariri. Warinshi kawai yana iya yi mashi illa.

Na 2, wasu magunguna: firimakin na masassara, dafson na kuturta, da wasu magungunan ciwon fitsari. Mai talla a kasuwa bai san jinin ɗanka ba. Kada ka sayi ƙwaya gare shi.

Na 3, lalle a jikin jariri. A bar ma manya.

Na 4, babban waken nan da ake kira ful. Ana cin shi a Masar, Sudan, Libiya da Saudiya. Masu zuwa ci-rani da alhazai, ku kula. Waken gonarmu ba ya cikin wanga zance, ku ci abinku.

Na 5, zazzaɓi mai tsanani, kamar na ciwon huhu.

Alamun suna fitowa kwana 1 zuwa 3 bayan haka. Fitsari ya yi duhu kamar shayi mai kauri. Farin ido ya koma rawaya. Tafin hannu ya yi fari. Mutum ya gaji, numfashi ya yi sauri, zuciya na bugawa. Kada ku ce tsargiya ce. Mai tsargiya jan jini yake gani a ƙarshen fitsari. Wanga kuwa fitsarin duka ne ke duhu.

In kun ga haka, ku tafi gidan likita ran nan. Ku riƙa maganin da ya sha, ku nuna. A ba shi ruwa da yawa a hanya. Mafi yawa suna warkewa in an janye abin da ya tada cutar. Wanda jininshi ya ragu ƙwarai, sai an ƙara mashi jini.

Iyaye mata da ungozomai, ga naku. Haɗarin ya fi girma ga jariri kafin ranar suna. Kowace safiya ku fito da shi wurin haske. Ku danna goshinshi da yatsa, ku ɗaga. In wurin ya yi rawaya, shawara ce. In ta fito tun ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko yaro ya ƙi nono, ko yana ta barci, kada ku jira a yi suna. Kada ku tsaya ga jiƙo. Shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa. Yaro na iya kurumcewa, ko ya kasa tafiya, ko a rasa shi. A babbar asibiti ana kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, rawayar ta sauka. Uwa ta ci gaba da ba shi nono.

Ba a gane cutar sai da awon jini. Ba ta da maganin da ke raba mutum da ita. Amma wanda ya san yana da ita, ya kiyaye, zai tsufa kamar kowa. In awo ya nuna, a rubuta G6PD bisa takardar lafiyarshi. Duk likitan da kuka je wurinshi, ku faɗa mashi tun bai rubuta magani ba.

Kada tsoro ya sa ku ƙi allurar rigakafi, ko maganin masassara da ake raba ma yara da damana. Wanda ke shan maganin kuturta kuma, kada ya bari da kanshi, ya tambayi likita.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta ma maƙwabta wanga jawabi. Yau da dare kowa ya buɗe akwatin tufafin yara, ya fidda kafur.

Allah ya ba mu lafiya.