Me Ya Sa Malaman Gado Ke Fara Lissafi Da 24?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Tarai, cikin ƙaramar hukumar Kibiya. Ya ce an yi musu rasuwa, Allah Ya jiƙan mamaci, da malam ya zo rabon gado sai ya ji yana ta ambaton 24, alhali magada ba su kai goma ba. Shin ba a cuce su ba kuwa?

To malam, kwantar da hankalinka. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, ta yanke rabo iri shida: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. In sumunin mata, wato ɗaya bisa 8, ya haɗu da sudusi, wato ɗaya bisa 6, dole a nemi lambar da 8 da 6 za su raba ba ragowa. Gwada 12, takwas ba ta shiga. Gwada 16, shida ba ta shiga. Sai ka kai 24 za su amince gaba ɗaya. Lamba ce cika, ba mara ba, kuma 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da ita kanta duk suna raba ta. A ƙasa da ita babu mai masu raba ta har takwas. Ita malamai ke kira asalin mas'ala.

Ga misali. Mutum ya bar mata, uwa, uba, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. An yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, sai a kasa dukiya kashi 24. Mata 3, uwa 4, uba 4, saura 13 na 'ya'ya. Nan ake yin gumi, domin 13 irin lambobin nan ne masu taurin kai, kamar 7 da 11, waɗanda ba mai raba su sai 1 da su kansu. Namiji yana da rabon mata biyu, ka ga kawuna 5 ke nan, kuma 5 ba ta shiga 13. Sai a buga 24 sau 5, a sami 120. In kuɗin gona naira 1,200,000 ne, kowane kashi 10,000: mata 150,000, uwa 200,000, uba 200,000, kowane ɗa 260,000, 'ya 130,000. Tara ka gani, ko kwabo bai ɓace ba. Ni dai ina ganin ya kamata magada su nemi a yi musu lissafin nan a fili, a rubuce, don yawancin rigimar gona daga rashin ganin lissafi take tasowa.

Wani lokaci kuma 24 ɗin ba ta isa. In magada mata ne da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, rabonsu 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27. Sai a kasa dukiyar 27 maimakon 24, kowa ya ragu daidai gwargwado, sumunin mata ya koma ɗaya bisa 9. Wannan shi ne auli. Ana kiran mas'alar Minbariyya, domin an ruwaito Sayyadina Ali yana kan mumbari aka tambaye shi ita. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu yana da babin gado, sai ka roƙi malaminku ya buɗe muku shi.

Mu kwana nan, sai wani makon in Allah Ya kai mu.