Kason Marubuci a Bakin Bature



Tun da a Ƙofar Durbi muka taru, ƙofar da sunanta ma na sarauta ne, ya dace mu tattauna kalmar nan ta Ingilishi, "royalty". Yawancinmu mun koye ta a sakandare da ma'anar sarki da 'ya'yan gidansa. Haka ne, amma tana da ma'ana ta biyu, wadda ta samo asali daga hakkin da sarakunan Ingila suke da shi a kan ma'adinan ƙasarsu. Da ita ake kiran abin da kamfanonin man fetur ke biyan Gwamnatin Tarayya, da ita kuma ake kiran kason da kamfanin ɗab'i ke biyan marubuci a kan kowane littafi da aka sayar.

Kada mu haɗa ta da kyauta. Abin da Malam Abubakar Imam ya ci da Ruwan Bagaja a gasar 1933, yana malami a Midil ta Katsina, kyautar gasa ce, sau ɗaya ake ba da ita. Kason marubuci kuwa ciniki yake bi: littafi ya tafi, ya zo, littafi ya kwanta, ya kwanta.

Mun sha ganin an rubuta "royalty of the book". Bature "royalty on the book" yake cewa. Wannan gyaran nahawu ne kawai. Inda kuɗi suke shi ne abin da ya biyo bayan "on". A ce littafi ₦1,000 ne, kason marubuci kashi 10 cikin 100. In yarjejeniya ta ce "on the published price", wato farashin da aka sa wa littafin, yana da ₦100. In ta ce "on net receipts", wato abin da ya shiga hannun kamfani, kuma an yi wa mai kanti rangwamen kashi 30, to, ₦70 ke nan. A kwafi 5,000 bambancin ya kai ₦150,000, alhali duka biyun "kashi goma" muke ce musu a hira.

Saura "advance against royalties", wato kafin alƙalami. Da yawanmu mun ɗauka ƙari ne a kan kaso. Ina! "Against" a nan ba gāba take nufi ba. Cewa take za a cire kuɗin daga kason da ke tafe. Wanda ya karɓi ₦70,000 a kan wannan lissafi na biyu ba zai sake ganin ko kwabo ba sai an sayar da kwafi 1,000.